La Prensa da Gaskiya Ta Fi Kwabo: Wa Ke Biyan Bashin Sunan Jarida?

Jaridun ƙasashen da ake magana da Sifaniyanci suna da wata al'ada da mai bin su zai lura da ita da wuri: sunayensu kaɗan ne, kuma maimaita su ake yi daga wannan ƙasa zuwa waccan. Akwai El País a Madrid, akwai wata a Montevideo, ga kuma ta uku a Cali ta ƙasar Kolombiya. El Comercio tana fitowa a Lima tun 1839, takwararta kuma a Quito tun 1906. Sunan da ya fi tsaya mini a rai shi ne La Prensa. An kafa ɗaya a Buenos Aires a 1869, wata a New York a 1913, wata a Managua ta Nikaragwa a 1926, wata a Honduras a 1964, wata kuma a Panama a 1980. Ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba, kowace da masu ita. Asalin kalmar shi ne injin da ke danne takarda ya bar rubutu a jikinta, daga nan ta zama sunan sana'ar baki ɗaya. Kamar dai wani ya kafa maɗaba'a a Sabon Gari ya fara fitar da jarida, a tambaye shi sunanta ya ce "Jarida". Sunan bai ɗauki alkawarin komai ba. Ya faɗi aikin da ake yi a gidan, ya yi shiru.

Mu kuwa a ƙasar Hausa kirari muke raɗa wa jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo, Albishir, Alfijir, Amana, Al-Mizan, Aminiya. Kowane suna a cikinsu yana ɗauke da alkawari: wannan ta ce ba za ta yi maka ƙarya ba, waccan ta ce labarin alheri ta kawo, wata ta ce ma'auninta ba ya tauye kowa, wata ta ce za ka iya ba ta sirrinka ka yi barci. Ina ƙaunar waɗannan sunaye, kuma ba na fatan a daina irinsu. Damuwata ita ce mun saba da karɓar alkawarin a matsayin cikawarsa, har ta kai yau kowa na iya ɗauko irin wannan suna ya liƙa a shafinsa na Facebook, a yarda da shi, ba tare da an tambaye shi ko shi wane ne ba.

Zariya ce ta fi kowane gari cancantar a yi wannan magana a cikinta, domin a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kafin Gaskiya, Turawan mulki sun gwada wata jarida a farkon shekarun 1930, da Turanci da Hausa da Larabci, wadda sunanta na Hausa Jaridar Nijeriya Ta Arewa. Suna ne irin na La Prensa, babu ado babu kirari, kamar yadda Iwe Irohin da Henry Townsend ya fara bugawa a Abekuta a 1859 ba ta da wata ma'ana da ta wuce takardar labarai. Waccan jarida ta Arewa jefi-jefi take fitowa, kuma yawanci hannun sarakuna da ma'aikatan En'e take tsayawa. Ba ta shiga zaure ba, ba ta shiga kasuwa ba.

Zuwa 1938 al'amura sun canza. Hitila yana neman a mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ji-ta-ji-ta kuma ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamusawa. A ɗaya gefen, Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a Ikko a 1937, jirgin ƙasa yana kawo ta Arewa. Sabon Garin Zariya, wanda zuwan reluwe ya haifar, cike yake da ma'aikatan jirgi da akawun kamfanoni da 'yan kasuwa daga Kudu, su ne masu sayen irin waɗannan jaridu, kuma abin da aka karanta a Sabon Gari da safe ba ya kwana bai tsallaka Tudun Wada da cikin birni ba. Gwamnatin mulkin mallaka tana bukatar muryar da za ta yi magana da 'yan boko na Arewa da harshensu kafin wani ya riga ta. A watan Janairun 1939 aka fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo daga Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin kulawar Dokta Rupert East, Malam Abubakar Imam ne edita, kuɗinta kwabo ɗaya.

A dubi wannan da idon basira. Sunan da muke tinƙaho da shi, hukumar da ke mulkinmu da ƙarfin bindiga ce ta ɗauki nauyin jaridar da aka raɗa wa shi, a daidai lokacin da take shirin yaƙi kuma take son a gaskata abin da ta faɗa. Da sunan kaɗai ake dubawa, da babu abin da ya raba ta da Pravda ta Tarayyar Sobiyet, wadda ita ma ma'anar sunanta gaskiya, alhali bakin jam'iyya mai mulki ce. To me ya sa tsofaffinmu suka riƙe Gaskiya da daraja, har wanda bai iya karatun boko ba yakan zauna a karanta masa?

Amsar tana wurin mutanen da suka yi aikin. Imam ya zo kujerar edita da sunansa a hannu, domin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce sun riga sun shiga makarantu. Ya rubuta jaridar da Hausar da mutane ke ji a bakin iyayensu, ba Hausar ofis ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci, ya buɗe shafi ga wasiƙun masu karatu, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da akawuna suka sami wurin da za su kai kuka a kan cin hanci da danniya da halin da ilimi ke ciki. A zamanin da ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ɗaga ido a gaban hakimi, ganin kokensa a buge a takarda da ake karantawa daga Sakkwato har Yola ba ƙaramin abu ba ne. A 1943 Imam ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Azikiwe. Ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, abin da wasu har yau suke riƙe da shi a kansa. Amma a tafiyar nan ya gana da Lugga, wanda ya kafa tsarin mulkin En'e, ya kuma bi shi da wasiƙu yana bayyana masa ɓarnar da ta shiga tsarin. Mutum ne mai taka-tsantsan da ke aiki cikin iyakar da aka shata masa, yana kuma tura iyakar gaba kaɗan-kaɗan. Kowa ya san sunansa, kowa ya san inda ofishinsa yake. Wanda aka ɓata wa rai ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Wannan ba ya nufin jaridar ta cika alkawarinta ga kowa. Da siyasar jam'iyyu ta kankama, musamman bayan kafa NEPU a Kano a 1950, 'yan Sawaba sun ɗauki Gaskiya a matsayin ta gwamnati da jam'iyyar NPC, suka karkata ga jaridar Comet da ke fitowa a Kano. Ina ganin suna da hujja. Wanda ke biyan kuɗin takarda da tawada da albashi, muryarsa takan fi ta kowa ƙarfi a ɗakin labarai, ko da editan waliyyi ne.

Duk da haka abin da aka gina a Zariya a shekarun nan ya isa abin alfahari. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, har unguwar da yake ta ɗauki sunansa. A 1948 ya fara buga Nigerian Citizen da Turanci. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, hukumar NORLA ta riƙa fitar da ƙananan jaridu na larduna domin sababbin masu karatu: Bazazzaga ta Zazzau, Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Zumunta ta Bauci. Dattijon da ya gama ajin yamma yana da abin da zai gwada karatunsa a kai, kuma labarin garinsu ne a ciki.

A koma Managua, domin a ga abin da suna marar kirari ya zama a hannun mutanen da suka tsaya masa. La Prensa ta Nikaragwa ta iyalin Chamorro ce. Editanta Pedro Joaquín Chamorro ya shafe shekaru yana sukar mulkin gidan Somoza, aka ɗaure shi, aka kore shi daga ƙasa, aka yi ta tace abin da jaridar za ta buga. Ranar 10 ga Janairun 1978 aka harbe shi a kan titi a Managua. Kisan ya fito da jama'a kan tituna, ya kuma hanzarta faɗuwar Somoza a 1979. 'Yan Sandinista da suka karɓi mulki sun sa matarsa Violeta cikin majalisar mulki ta farko, ta ajiye muƙamin a 1980, jaridar ta koma sukar sababbin masu mulki kamar yadda ta soki tsofaffi. Gidan kansa ya rabu: ƙanen marigayin ya fita da ma'aikata da dama ya kafa El Nuevo Diario, ɗaya daga 'ya'yan marigayin kuma ya zama editan jaridar 'yan Sandinista. A 1986 gwamnati ta rufe La Prensa fiye da shekara guda. A 1990 Violeta Chamorro ta kayar da Daniel Ortega na 'yan Sandinista a zaɓen shugaban ƙasa. Bayan Ortega ya dawo mulki, hukumar kwastan ta riƙe wa jaridar takardar bugawa wata da watanni, sannan a Agustan 2021 'yan sanda suka mamaye gininta. Ma'aikatanta sun tsallake iyaka, suna ci gaba da fitar da ita a intanet daga gudun hijira.

Ba ina wanke ta ba ne. A shekarun 1980 ta karɓi tallafin kuɗi daga Amurka a lokacin da Amurka ke ɗaure wa 'yan tawayen Contra gindi, kuma wannan tabo ne da masu sukarta ba su manta ba. Amma ɗan Nikaragwa idan ya ji La Prensa a yau, ba injin buga takarda ke zuwa masa a rai ba. Mutumin da aka kashe yake tunawa, da ginin da aka ƙwace. Sunan da ya zo wayam, aikin shekaru ne ya cika shi. Ita ma ta Buenos Aires ta ɗanɗana irin wannan: gwamnatin Perón ta ƙwace ta a 1951 ta miƙa wa ƙungiyar ƙwadago, aka ci gaba da buga ta da sunan nan dai, sai a 1956 aka mayar wa masu ita. Shekara biyar suna bai canza ba, amma duk mai karatu ya san ba jaridar da ya sani ce a hannunsa ba.

Mu fa, me muka yi da namu sunan? A ranar 1 ga Janairun 1966 Nigerian Citizen ta rikiɗe ta zama New Nigerian a Kaduna, kwana goma sha huɗu kafin a kashe Sardauna, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta koma ƙarƙashin wannan kamfani. Tun daga nan ta zama ƙanwa a gidan da ta girmi kowa. A 1975 gwamnatin Murtala ta karɓe kamfanin, daga baya aka mayar da shi hannun jihohin Arewa 19. Dukiyar da ke da iyaye goma sha tara marainiya ce. Bashi ya taru, albashi ya maƙale, injina suka tsufa, ma'aikata da 'yan fansho suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu, jaridar ta ɓace daga teburin masu sayarwa. Babu wanda ya aiko 'yan sanda su rufe Gaskiya. Sakaci ne ya yi abin da Somoza da Ortega suka kasa yi wa La Prensa, kuma wannan ya fi mini ciwo, domin ba mu da wani azzalumi na waje da za mu nuna da yatsa.

Wani zai ce ai Hausawa sun ce suna linzami, wanda aka raɗa wa Gaskiya zai ji nauyin yin ƙarya. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya a nan. Na tabbata akwai editocin da sunan da ke saman shafin farko ya sa suka sake duba labari kafin su sake shi. Amma kunya tana aiki ne a kan wanda aka san fuskarsa. Al-Mizan da ke fitowa daga Zariya ba ta ɓoye cewa muryar Harkar Musulunci ce ta almajiran Shaikh Ibrahim Zakzaky ba. Mai saye ya san ɓangaren da take, ya karanta da wannan sani, ko ya yarda ko ya ƙi. Aminiya ta kamfanin Media Trust ce, da ofis da edita da lauyan da za a aika wa sammaci. Albishir da Alfijir na kamfanin Triumph ne na gwamnatin Kano, Amana kuwa a zamaninta ta gidan Concord ce ta Abiola. A kowace cikinsu mai karatu na iya auna alkawarin suna da aljihun da ke biya. Wannan awo shi ne ya ɓace mana.

A zaga Samaru ta Zariya yau. A bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, inda a da malamai da ɗalibai da masu gadi kan yi cirko-cirko a gaban teburin mai jarida suna karanta kanun labarai suna gardama, yanzu kowa kansa a sunkuye yake kan waya. Haka abin yake a wajen PZ da cikin kasuwar Sabon Gari. Ba na kukan takarda don ita kanta. Hausa ba ta taɓa samun masu karatu da yawa irin na yau ba, ɗan acaɓa da mai shayi da matar aure a ɗaki duk suna karanta labarai da harshensu, abin da Imam ya yi fata. Matsalar ita ce wa ke rubuta abin da suke karantawa. Shafukan labarai na Hausa sun yi yawa a Facebook da TikTok da WhatsApp, da yawansu sun ari kalmomin nan masu nauyi, gaskiya da amana da adalci da muryar talaka. A cikinsu akwai na ƙwararrun 'yan jarida masu aiki tsakani da Allah, da kuɗin aljihunsu, kuma sun cancanci yabo. Akwai kuma waɗanda ka duba sama ka duba ƙasa ba za ka ga sunan edita ba, ba adireshi, ba lambar da za a kira a ce an yi kuskure. Su kwafi labarin wani su canza kanu, su ɗauko tsohon hoto daga wata ƙasa su ce jiya ne a Giwa ko Birnin Gwari, in ƙarya ta fito fili su goge su yi gaba. Lokacin zaɓe kuma ka ga shafin da ke kiran kansa na talaka ya wayi gari yana yabon ɗan takara ɗaya safe da yamma.

A garin da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da mutanen Kudancin Kaduna suke kasuwa ɗaya, suke hawa mota ɗaya zuwa Samaru, wannan ba wasa ba ne. Waɗanda suka ga Maris ɗin 1987, lokacin da rikicin Kafancan ya tsallako Zariya, ko Afrilun 2011 bayan zaɓen shugaban ƙasa, sun san abin da labarin da ba a tantance ba yake iya jawowa kafin rana ta faɗi. A wancan lokaci labari da baki da rediyo da saƙon waya yake tafiya. Yau yana zuwa da tambari mai kyau da suna mai daɗi, ya yi kama da jarida.

Tun 1903 Turawa suka kafa dokar da ta tilasta wa mai jarida ya yi rajistar sunansa da na mai buga masa. Don su riƙe wuyan 'yan jaridar Ikko suka yi ta, kuma ba na kiran a dawo da irinta. Duk dokar da aka ba gwamnati a kan bakin jama'a, ɗan adawa take fara ci. Amma ɗan layin nan da ke ƙasan shafin ƙarshe, mai faɗin wanda ya buga da inda aka buga da sunan edita, ya zama al'adar sana'a mai amfani ga mai karatu, kuma ba sai da doka za a riƙe shi ba. Masu shafukan Hausa na ƙwarai su fara: su rubuta sunayensu da garinsu a fili, su faɗi mai ɗaukar nauyinsu, in labari na kuɗi ne su ce talla ne, in sun yi kuskure su bar gyaran a inda kowa zai gani. Ƙungiyar 'yan jarida reshen Kaduna da Sashen Koyon Aikin Jarida na jami'ar da ke Samaru suna iya fitar da jerin shafukan da suka cika waɗannan sharuɗɗa, a riƙa sabunta shi, a yaɗa shi da Hausa. Malaman sashen suna da ɗalibai da ke neman aikin bincike kowace shekara, ga aiki nan a ƙofar gida.

Sai kuma ita Gaskiyar kanta. Sunan yana da masu shi a doka, gwamnonin jihohin Arewa ne. Idan za su farfaɗo da ita, to kada ta dawo a matsayin allon sanarwar gidajen gwamnati, domin mai karatun yau zai gane cikin mako guda ya watsar. A danƙa ta ga kwamitin amintattu mai cin gashin kansa, da kuɗin da ba sai edita ya je gaisuwa ba kafin a sake su. Idan kuma ba za su iya ba, akwai ƙaramin aiki da bai kamata ya jira ba. Tsofaffin kofen jaridar tun daga 1939, da na Bazazzaga da 'yan'uwanta, suna warwatse a ɗakunan ajiya, takardar jarida kuwa ba ta jure zafi da ƙura da gara. A cikinsu akwai wasiƙun kakanninmu, da yadda aka fara rubuta siyasa da kimiyya da labarin duniya da Hausar boko. A tattara su, a ɗauki hotonsu shafi-shafi, a sa a intanet kyauta ƙarƙashin kulawar Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da Gidan Arewa da ke Kaduna. Ƙungiyar gwamnonin Arewa takan yi taro a Kaduna, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci daga Samaru. Shugabannin jami'ar da Masarautar Zazzau su rubuta mata a kan wannan, su kuma buga takardar a fili domin jama'a su san ranar da aka aika ta.